Rashin Saurin Intanet da Al'adar Sauya Layi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a Funtuwa ko Malumfashi bayan sallar isha'i, da wuya ya tashi bai ji ana gardama a kan layin da ya fi sauri ba. Wannan ya ce nasa ne, wancan ya ce ai tun makon jiya ya zare irin wannan layi ya jefa a aljihu domin bai tsinana masa kome ba. Bayan wata guda idan aka koma majalisar, sai a tarar wanda ya yabi layin shi ne yake kushe shi, wanda ya kushe kuma ya mayar da shi cikin waya. Gardamar tana kama da hira, amma akwai kuɗi a cikinta. Akwai ɗalibin da ranar rufe rajista ta cim masa shafin bai buɗe ba, akwai kuma dillalin hatsi da ya ɗora kaya a mota kuɗin ba su shigo ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta duba dalilan da ke sa intanet nawa a gidajen wannan yanki, sa'an nan ta auna ko sauya kamfani, wanda shi ne maganin da jama'a suka fi ruga wa, yana warkar da ciwon. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin abubuwan da ke jawo nawar kamfanonin sun yi tarayya a kansu, saboda haka sauyin yana amfani ne a wasu 'yan wurare ƙayyadaddu, waɗanda ya kamata mai gida ya iya gane su kafin ya kashe kuɗinsa. Inda aka ce ƙasar Funtuwa da Malumfashi kuwa, ana nufin kudancin Jihar Katsina, watau yankin da ake kira Karaɗuwa, wanda ya haɗa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Musawa da Matazu, ban da manyan garuruwan biyu.

2.0 Daga Wayar Tangaraho Zuwa Ƙarfen Sabis

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga hanyoyin sadarwa, kuma noma ne ya jawo masa su tun farko. Auduga ce ta sa Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Ita ce kuma ta sa kamfanin BCGA, wanda bakin Bahaushe ya mayar Bisije, ya kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi. Wayar tangaraho ta bi gefen dogo, ta tarho ta biyo baya, amma dukansu sun tsaya ne a tasha da gidan waya da ofisoshin hukuma da gidajen 'yan tsirarun attajirai. Ko da aka kafa NITEL a 1985 abin bai sake zane ba, domin har zuwa 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su wuce wajen 400,000 ba. Abin lura a nan shi ne, ba a taɓa jan wayar tarho gida-gida a wannan yanki ba. A ƙasashe irin su Ingila, a kan tsohuwar wayar tarho da ke kowane gida aka fara ɗora intanet mai sauri. A nan babu wannan gado da za a ɗora a kai.

A watan Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta na shekarar kuma Econet da MTN suka fara aiki. Glo ya shigo a 2003, Etisalat a 2008. Ga mai nazarin harshe, tarihin sunayen nan kaɗai abin dubawa ne. Econet ya koma Vmobile a 2004, ya koma Celtel a 2006, ya koma Zain a 2008, sa'an nan ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya zama 9mobile a 2017, ya kuma zama T2 a 2025. Ke nan akwai dattijon da ya sayi layi ɗaya tak tun farkon zuwan salula, bai taɓa sauya shi ba, amma kamfanin ya sauya masa suna sau huɗu yana zaune.

Harshen Hausa bai tsaya jiran kwamitin ƙirƙirar kalmomi ba. Kalmar waya, wadda asalinta zaren ƙarfe take nufi, ta koma sunan abin da ba shi da zare ko ɗaya. Layi ya zama sunan ɗan katin da ake sa wa a ciki da kuma kamfanin da ya sayar da shi. Doguwar hasumiyar da ke aiko da saƙo ta zama ƙarfen sabis, babbar waya ta zama komai-da-ruwanka. Fi'ilan da ake haɗawa da sabis ma suna da ban sha'awa: yana ɗaukewa kamar ruwan sama, yana dawowa kamar wutar lantarki, yana rawa, yana kamawa, yana saki. Data kuwa zuƙe ta ake yi. Duk waɗannan kalmomi suna nuna cewa mai magana yana kallon sabis a matsayin abin da ke zuwa ya tafi bisa ganin damarsa, kamar damina, kuma wannan kallo bai yi nisa da gaskiya ba.

Shigar wayar cikin harkar noma ta ƙara ƙarfi a 2012, lokacin da Ma'aikatar Gona ta Tarayya a ƙarƙashin Akinwumi Adesina ta fara aika wa manoma saƙon karɓar taki mai rangwame ta waya. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A farkon 2023 kuma, da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira, cinikin masara da waken suya da dawa a kasuwanni irin su Ɗandume da Bakori ya rataya a wuyan tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Daga nan ne rashin sauri ya tashi daga damuwar samari masu kallon ƙwallo ya zama damuwar masu gida.

3.0 Abin da Ake Nufi da Sauri

Kafin a ci gaba ya kamata a fayyace abu biyu. Na farko, abin da ake kira intanet na gida a wannan yanki kusan duk daga ƙarfen sabis yake zuwa. Ko dai mai gida ya buɗe wa iyalinsa datar wayarsa, ko ya sayi 'yar na'urar MiFi mai batir, ko ya sayi rauta, watau akwatin da ake sa wa layi a jona da wuta ya rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gidan. Rautar tana da kyan gani a kan tebur, kunnuwanta kuma sun ɗan fi na waya ji, amma daga ƙarfen da wayar maƙwabci ke sha ita ma take sha.

Na biyu, akwai bambanci tsakanin yawan data da saurinta, kuma nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Yawa shi ne abin da ake saye, ana auna shi da megabayit da gigabayit, waɗanda baki ke furtawa embi da jibi. Sauri kuwa ana auna shi da megabit a daƙiƙa. Megabit takwas ne ke yin megabayit ɗaya. Idan aka kwatanta da ruwa, yawa shi ne girman randa, sauri shi ne faɗin bututun da ke cika ta. Wanda ya sayi jibi 50 ya sayi babbar randa ne kurum, bai ƙara wa bututunsa faɗi ba. Alal misali, fayil mai jibi ɗaya zai sauko cikin minti 14 ko ƙasa da haka idan saurin ya kai megabit 10. Idan ya faɗo zuwa megabit ɗaya, fayil ɗin nan zai ci fiye da awa biyu. A irin wannan hali ne jibin Turanci yake neman ya zama jibin Hausa.

Gwamnatin Tarayya ta san da wannan ma'auni. A watan Maris 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, an ƙaddamar da shirin faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025. Shirin ya ƙudurta samar da saurin da bai gaza megabit 25 ba a birane da megabit 10 a karkara, da kai sabis ɗin ga kashi 90 cikin ɗari na jama'a, da kuma sayar da jibi ɗaya a kan kuɗin da bai wuce naira 390 ba. An kuma so kashi 70 cikin ɗari su kasance suna amfani da intanet mai sauri, amma wa'adin ya ƙare adadin yana wajen rabi. Wannan megabit 10 na karkara shi ne ma'aunin da ya dace mutumin Ƙafur ko Ɗanja ya riƙe, domin da shi ne zai san ko abin da yake samu ya kai abin da hukuma da kanta ta ce shi ne mafi ƙaranci.

4.0 Inda Nawar Take Fitowa

Hanya mafi sauƙi ta gane dalilan ita ce a bi sawun data daga inda ta taso har zuwa cikin ɗaki. Mafi yawan abin da ake kallo ko karantawa yana ajiye ne a manyan rumbunan kwamfuta a Turai da Amurka, wasu kuma a Legas. Wanda ke ƙetare yana shigowa ta wayoyin fayiba, watau zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. MainOne da Glo-1 sun iso a 2010, WACS a 2012, Equiano a 2022, kuma duk waɗannan a gaɓar Legas suka sauka. A bakin teku babu ƙarancin data. Matsalar ita ce daga Legas zuwa Funtuwa tafiya ce ta fiye da kilomita 800, rijiya ta bayar guga ya hana. Duk da haka ita ma rijiyar takan sami tangarɗa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama na tsawon kwanaki.

Daga Legas fayiba takan bi gefen manyan hanyoyin mota ne, a binne cikin ƙasa. Binnewar tana da tsada, domin ban da aikin haƙa akwai kuɗin izinin ratsa ƙasa da jihohi ke karɓa. An daɗe ana ja-in-ja a kansa kafin gwamnoni su sake amincewa a 2020 da naira 145 a kan kowace mita. Bayan an binne kuma ba a huta ba. Katafilar masu aikin hanya takan tsinke ta, masu haƙar kwalbati su sare ta, ɓarayi su tone ta da zaton tagulla ce. Yawan wannan ɓarna ne ya sa a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Funtuwa ta yi sa'a ta wani fanni, da yake mahaɗa ce ta hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato da kuma wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi zuwa Katsina. Garin da ke bakin kwalta yana kusa da fayiba. Ƙarfen da ke can cikin gonaki kuwa sau da yawa ba ya da ita, sai dai ya karɓi saƙo ta iska daga wani ƙarfen, da ɗan farantin nan mai kama da ganga da ake gani a maƙale a samansa. Irin wannan haɗi bai kai fayiba ɗauka ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi. Shi ya sa a cikin watan Agusta ake yawan jin cewa hadari ya tafi da sabis.

Shi kansa ƙarfen yana bukatar wuta dare da rana. Tun da wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, janareta mai shan gas ne ke riƙe da shi, tare da batura, a wasu wurare da farantan hasken rana. Farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, darajar naira ta faɗi daga 2023, kayan gyara kuwa duk daga waje ake sayo su. Idan motar gas ta makara, ko aka sace batura, ƙarfen ya yi shiru, sai wayoyin garin su koma laluben wani ƙarfe mai nisa wanda dama yana fama da nasa jama'ar. A yammacin yankin, wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda matsalar 'yan bindiga ta fi tsanani, akwai ƙarin cikas: makanikin da zai je gyara da direban da zai kai gas su ma suna da rai, suna kuma da iyali.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da yawancin masu gardamar majalisa ba su sani ba. Tun daga 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban ƙarafunansu ga kamfanonin da sana'arsu ita ce riƙon ƙarfe da ba da haya. IHS ya karɓi na MTN da na Etisalat, American Tower ya karɓi na Airtel. Saboda haka ƙarfe ɗaya yakan ɗauki kunnuwan kamfani biyu ko uku, duk suna shan wuta daga janareta ɗaya, bayan shinge ɗaya, da maigadi ɗaya. A 2025 abin ya ƙara gaba, domin MTN da Airtel sun ƙulla yarjejeniyar raba kayan aiki, aka kuma amince masu layin 9mobile su riƙa hawa kan sabis ɗin MTN. Ke nan idan janaretar ƙarfen wani ƙauye ta tsaya, mai layi biyu a waya zai ga duka biyun sun ɗauke a lokaci guda, ya yi ta mamaki.

Saura kuma cunkoso, wanda shi ne ya fi kowane dalili yawan aukuwa a cikin gari. Abin da ƙarfe ke iya bayarwa ƙayyadadde ne, rabawa ake yi tsakanin duk waɗanda suka hau a wannan lokaci. Da hantsi, mutane suna gona da kasuwa da makaranta, sai a ga abin yana gudu. Bayan isha'i kowa ya dawo gida ya buɗe bidiyo, sai kason kowa ya ƙanƙance. Ranar kasuwa ƙarfen da aka kafa domin mutanen gari yakan karɓi baƙi daga ƙauyuka da fatake daga kudu, musamman da kaka lokacin da amfanin gona ya fito. Abin takaicin shi ne, sa'ar da aka fi bukatar kuɗi su shiga ita ce sa'ar da hanyar ta fi cushewa. Cikar sandunan da ke saman waya ba ta kawar da wannan, domin su sandunan ƙarfin muryar ƙarfen suke nunawa, ba su faɗin mutum nawa ne ke layi a gaban mai wayar.

Daga ƙarshe akwai gidan kansa. Zangon da ke ƙasa, irin su 800 da 900, yana tafiya nesa yana kuma ratsa bango, amma kayan da yake ɗauka kaɗan ne. Wanda ke sama, irin su 2600 da kuma 3500 da ake amfani da shi wajen 5G, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa. Wannan ne ya sa 5G, wanda MTN ya fara a 2022, ya soma da manyan birane. Rufin kwano yana mayar da saƙo baya, katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi, dutse ko tudu da ya shiga tsakani yana tare shi. Gidan Bahaushe, da zaurensa da ɗakunan da ke can ƙurya, an gina shi ne domin sutura da sanyi, kuma abin da ke hana idon baƙo shiga yakan hana sabis. Rautar da aka ajiye a ƙuryar uwarɗaka, ƙarƙashin kwano, a bayan kabad, ba kamfanin ne ya cuce ta ba.

5.0 Sauya Layi

Sauyin iri biyu ne. Akwai ƙaura da lamba, wadda NCC ta ƙaddamar a watan Afrilu 2013. Mutum zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da shaidarsa, ya cika takarda, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, sai a mayar da lambarsa can ba tare da ta canja ba. Ba a biyan kuɗin ƙaurar, amma ragowar kati da datar da ke tsohon layi sun tafi ke nan, kuma akwai wa'adin da sai ya cika kafin a sake wata ƙaurar, wanda da farko kwana 90 ne. Wannan hanya ba ta karɓu sosai a karkara ba, dalili kuwa a fili yake. Mai neman data bai damu da lamba ba, wayoyin da ke kasuwa kuma kusan duk masu layi biyu ne. Don haka sai jama'a suka zaɓi iri na biyu, watau ƙara layi a kan layi: ɗaya na kira wanda dangi da abokan ciniki suka sani, wanda kuma banki ke turo saƙo ta kansa, ɗaya na data wanda ake iya saki a kowane lokaci. Tun daga Disamba 2020, da aka wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wannan ma ya daina zama abin da ake yi a tsaye a bakin tasha cikin minti biyu.

To, yaushe sauyin yake amfani? Yana amfani idan kamfanin da za a koma yana da ƙarfe kusa da gidan alhali na farko ba shi da shi, ko yana da 4G a wurin alhali na farko ya tsaya a 3G, ko kuma masu hawa kansa a unguwar ba su da yawa. Na ƙarshen nan shi ne ke haifar da zagayen da aka ambata a gabatarwa. Wani ya gano cewa layi kaza yana gudu a unguwarsu, ya ba da labari a majalisa, labari ya bazu, kowa ya saya, bayan 'yan watanni sabon ya cushe, tsohon da aka gudu aka bari ya sami sarari. Kowane ɓangare na masu gardamar gaskiya yake faɗa, sai dai kowa da watan da yake magana a kai. Har ila yau, hukuncin da ya yi daidai a wata unguwa ta Funtuwa ba lalle ne ya yi daidai a unguwar da ke bayanta ba, balle a Malumfashi mai nisan kusan kilomita 50.

Inda ba ya amfani kuwa shi ne inda ciwon yake a abin da aka yi tarayya a kai: wayar teku, ko fayibar gefen hanya, ko janaretar ƙarfe, ko rufin ɗaki. Ba ya kuma amfani sosai ta fuskar farashi. A watan Janairu 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, kuma amincewar ta shafi kamfanonin ne gaba ɗaya, don haka mai gudun tsada bai sami wata mafaka ta kirki ba.

Babu abin da ya nuna iyakar sauya layi kamar abin da ya faru a 2021. A farkon watan Satumba aka rufe sabis a Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. Bayan 'yan kwanaki, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, daga baya aka ƙara wasu. Ba a fara buɗewa ba sai a watan Disamba. Wata uku ke nan, kuma watannin kaka ne, lokacin girbin masara da tsinkar auduga da hada-hadar kasuwa. Mai layi huɗu da mai layi ɗaya suka zama daidai. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa wajen iyakar Kano ko ta Kaduna domin su yi kira ɗaya ko su ga ko kuɗi sun shigo, masu sana'ar POS da sayar da kati suka zauna, saƙon baki da 'yar takarda a hannun direba suka dawo. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan ko matakin ya biya bukatar tsaro. Abin da ya shafe ta shi ne, watannin nan sun nuna cewa layukan da ake gani daban-daban a aljihu igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

6.0 Kafin a Sauya

Magidancin da ke tunanin sauyi zai fi cin riba idan ya fara da gwajin da ba ya cin kuɗi. Ya ari layin maƙwabci ko na ɗan'uwa, ya gwada shi a cikin ɗakin da za a yi amfani da shi, domin gwajin da aka yi a shagon mai sayarwa a bakin titi ba ya faɗin kome game da ƙuryar gida. Ya gwada da hantsi, ya sake gwadawa bayan isha'i, ya kuma gwada ranar kasuwa. Akwai manhajojin auna sauri kyauta, irin su Speedtest, masu nuna adadin megabit. Idan duka layukan sun yi gudu da safe suka kwanta da dare, cunkoso ne. Idan sun yi gudu a tsakar gida suka kwanta a ɗaka, gini ne, maganinsa kuma a matsar da rauta kusa da taga ko a ɗaga ta sama, ko a sa mata kunne na waje a kan sanda. Idan ɗaya ya fi ɗaya a kowane lokaci har tsawon mako, to a nan sauyi yana da hujja.

Ko da hujjar ta tabbata, akwai tarko biyu. Rautar da kamfani ke sayarwa da rahusa galibi a kulle take, ba ta karɓar layin wani, saboda haka mai sauyi yakan sayi sabuwa ya ajiye tsohuwa. Wanda ya daure ya sayi buɗaɗɗiya tun farko ya fi tsada a ranar saye, amma ya huta daga baya. Na biyu shi ne tsarin da ake tallatawa da cewa ba shi da iyaka. A cikin ƙananan rubutun sharuɗɗa yawanci akwai adadin da idan aka kai shi za a rage sauri har ƙarshen wata, sai mai gida ya zaci sabis ne ya lalace. Wanda kuma ya kai kuka ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba yana da damar kiran 622, layin karɓar ƙorafi na NCC, kyauta.

Hanya ɗaya da ba ta bi ta ƙarfen unguwa ba ita ce ta tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu 2023, ita ce kuma ƙasar Afirka ta farko da ya shiga. Farantinsa sama yake kallo, bai damu da nisan gida daga kwalta ba. Sai dai kuɗin kayan ya kai dubban ɗaruruwan naira, kuɗin wata kuma naira 38,000 ne a 2024 kafin a ƙara shi, ga shi yana bukatar wutar da ba ta yankewa, wadda a ƙauye ma'anarta farantin hasken rana da batir da inbata. Ruwan sama mai ƙarfi shi ma yakan katse shi na ɗan lokaci. Ga manomi mai 'yan kadada kaɗan, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara bayan girbi, wannan lissafi ba ya fita. Yana iya fita ga makaranta, ko cibiyar jarrabawa, ko ƙungiyar dillalan hatsi da za ta yi karo-karo ta kafa faranti ɗaya a kan rufin rumfar kasuwa, ta ja wa shagunan da ke kewaye, kowa ya riƙa biyan kasonsa a ƙarshen wata.